Regiletar masu nutso: mene ne sunanta da Hausa?

'Yan uwa masu sha'awar harshe, ga wata kalma da nake so mu yanke mata cibiya. Ita ce na'urar da mai nutso a teku yake ɗaurawa a bakin tukunyar iskar da ke bayansa, yana shaƙa daga cikinta. Jacques Cousteau da Émile Gagnan ne suka fito da ita a Faransa a 1943, kuma daga regiletar gas Gagnan ya samo dabarar. To ashe wanda ya ce mu kira ta regileta kawai, kamar ta tukunyar girki, bai yi nisa da gaskiya ba.

An kawo "na'urar numfashi". Ban karɓa ba, domin duk wanda ya ji wannan, asibiti zai tuna.

Matsalar ita ce abu biyu ne aka haɗa da tiyo, kowanne da aikinsa. Iskar tukunya tana da matsin da ya kai bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), wanda ba huhun da zai iya ɗauka. Kashi na farko, na bakin tukunya, shi ke sauko da shi zuwa bar 9 ko 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye. Wannan na ce mu kira shi maragi, tun da ragewa ce aikinsa. A kula da rubutu dai, da g ne, kada a mayar mana da shi ɗan saniya.

Na biyu, wanda ake sa wa a baki, ba ya sakin iska sai an ja. Na so in ce mashaƙi, sai wani ya ce zai yi kama da mai shaƙar sholisho. Yana da hujja, amma muna cewa mabuɗi da maburgi, ba wanda ya ɗauka mutane ne. Ina nan a kan mashaƙi.

Maragi iri biyu ne: mai tantani da mai fistin. Fistin kam kanikawanmu sun daɗe da ba shi gida, a bar shi. Mai fistin, irin MK2 na kamfanin Scubapro, kayan cikinsa kaɗan ne: fistin, sifirin, zobban roba, sai ɗan faifan da ke toshe hanyar iska. Saboda wannan sauƙin ne wasu ke kwance shi a gida, su wanke, su canza zobba, su shafa giris ɗin da kamfani ya ce, ban da na mota. In matsin tsakiya, wato wanda maragi ke aika wa mashaƙi, ya yi ƙasa, a ƙara siririyar wosha a ƙarƙashin sifirin, in ya yi yawa a cire. Wanda bai koya a hannun gwani ba ya kai wa gwani, rai ne a ciki.

Bayan an haɗa sai a sa geji a auna matsin tsakiya. Allura ta hau ta tsaya cak, lafiya lau. In kuwa ta ci gaba da hawa a hankali, iska na zurarewa ke nan ta wurin faifan nan, har ta kai mashaƙi ya fara huci shi kaɗai. Wannan cutar na sa mata sanɗa: "maragin nan yana sanɗa."

Saura ɗan faifan. Mazauni ko matoshi? Ni matoshi ya fi kwanta min, tun da toshewa yake yi, amma ina jiran kanikawa da masu gyaran famfo su faɗi yadda suke kiran irinsa a wurin aiki.