Neman kalma: me za mu kira "single-use plastic"?

Hauwa 'yar aji uku: Assalamu alaikum malamai. Jibi Alhamis zan gabatar da shiri a rediyon jami'armu kan rage shara a makaranta, wannan kalma kuwa ta tsaya mini a wuya. Ina nufin ledar fiya wata, gorar lemo, cokalin roba, da farin mazubin abincin nan da Legas ta haramta a Janairun 2024. Kwatar bayan ɗakunan kwananmu ta cika da su maƙil, sauro ya samu gida. Na rubuta "robar amfani sau ɗaya", amma harshena harɗewa yake yi.

Sani Ɗan Fagge: Ki ce leda kawai, kowa ya gane.

Hauwa: Yaya Sani, gorar lemo leda ce?

Malam Garba: Fassara ce kika yi, 'yata, ba suna kika raɗa ba. Bahaushe da ya ga tangaram bai tsaya dogon bayani ba, ya ce faɗi-ka-mutu. Ga dafa-duka, ga a-kori-kura. Ki ce sha-ka-yar. Na daɗe ina faɗar ta a aji.

Binta: Malam, da girmanka, ai ba a shan cokali. Kuma shirin hana yarwa za ta yi, sunan ga kamar umarni yake a yar.

Malam Garba: To faɗi-ka-mutu umarni ne ga kwano ya mutu?

Bakatsine: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne leda da roba ɗin kansu. Duk Turanci ne, ɗaya sunan fata, ɗaya sunan danƙo. Jami'a guda, a rasa kalmar gado?

Sani Ɗan Fagge: "Jami'a" da ka rubuta, ta gidanku ce? Larabci ce. Je kasuwar Kwari ka ce a sa maka atamfa a danƙo, ka ga kallon da za a yi maka.

Ɗan Damagaram: Mu ma nan Nijar leda muke cewa. An kafa dokar hana ta tun 2014, ga ta nan tana lilo a kan ƙaya, awaki na ci suna kumbura. Amma kullum ku Kanawa ke yanke wa Hausa hukunci, ba a tambayarmu.

Bakatsine: Faɗa musu dai!

Hauwa: Don Allah jama'a, jibi ne fa.

Binta: Ki buɗe da "leda da robar yarwa", ki lissafa su sau ɗaya, mai sauraro zai bi ki. Gorar da masu zoɓo da kunun aya ke sake cikawa kuma, ki yi mata bayani daban.

Hauwa: Na ɗauka, Anti. Zan ambaci sha-ka-yar a kan ledar ruwa kaɗai, mu ji ko masu kiran waya za su kama.

Malam Garba: A kan ledar ruwa kaɗai? To. Ki dai rubuta ta da karan ɗori.