Kuncin wa za a juya? Muhawara kan Kirista da kare rai

Rabaran Istifanus: Salama gare ku duka. Ga maganar da na ce zan kawo, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba: Kirista ba shi da izinin kashe mutum, ko don ya tsira da ransa, ko don ya ceci wani. A Matiyu 5:39 an ce kada mu rama wa mugu, wanda ya mare ka a kuncin dama ka juya masa ɗayan. A Getsamani Bitrus ya zare takobi, kuma ba kansa yake karewa ba, Yesu yake karewa, wanda ba a taɓa yin marar laifi kamarsa ba. Duk da haka aka ce ya mai da takobin kube. Tertuliyan, malamin Kartaj, ya ce da Ubangiji ya kwance wa Bitrus ɗamara, kowane soja ya kwance wa. A shekara ta 295 aka sare kan wani saurayi, Maksimiliyan, a Tebessa da ke Aljeriya ta yau, don ya ƙi shiga soja, yana cewa shi Kirista ne. Wanda ya ga inda na kauce ya nuna mini.

Mama Rahila: Rabaran, mu koma ayar da ka fara da ita. Kuncin dama aka ambata. Ka tsayar da mutum biyu fuska da fuska, ka ce ɗaya ya mari ɗaya da tafin hannun dama. A kuncin hagu marin zai sauka. Kafin ya sami kuncin dama sai ya juya hannun ya yi da bayansa, wanda shi ne marin wulaƙanci, irin na ubangida ga bawa. Dokokin Yahudawa da aka tattara a Mishna sun bambanta su: mari da tafin hannu tarar zuz (kuɗin azurfa na lokacin) 200, da bayan hannu 400. To ana maganar cin mutunci ne, ba maganar mai adda a bakin ƙofa ba. Ko shi Yesu da aka mare shi a gaban babban firist, a Yohanna 18:23, tambaya ya yi: in gaskiya na faɗa, don me ka mare ni? Sannan Fitowa 22:2-3 ta ce ɓarawon da ya fasa gida da dare aka buge shi ya mutu, babu alhakin jini; in rana ta fito, akwai. Me ya raba su? Da dare ba ka san kaya ya zo ɗauka ko rai ba. Da rana kana ganinsa, kana iya yin kururuwa a kawo ɗauki.

Saratu: Ga kuma Luka 22:36, marar takobi ya sayar da mayafinsa ya saya. Baba Rabaran, wannan fa?

Rabaran Istifanus: 'Yata, ƙara aya ɗaya. A ta 37 Yesu ya faɗi dalili: don a cika abin da Ishaya ya rubuta, cewa za a lasafta shi cikin masu laifi. Suka ce ga takuba biyu, ya ce ya isa. Takobi biyu ga mutum goma sha ɗaya bai isa tsaro ba. Kuma a daren nan aka gwada guda ɗaya, aka datse kunnen Malkus, bawan babban firist, Yesu ya tsawata, ya warkar da kunnen. Duba Ayyukan Manzanni daga farko har ƙarshe: an jejjefe Istifanus, an kashe Yakubu da takobi, ikilisiya ta watse ta gudu, amma babu inda aka ce wani almajiri ya zaro makami.

Malam Bitrus: Nan dole in tsoma baki, don ku duka biyu kuna jan magabata zuwa inda ba su tsaya ba. Mama, Agustin da ake kira uban koyarwar yaƙin adalci bai yarda mutum ya kashe ɗan fashi don tsirar da kansa ba. A wasiƙarsa ga Fublikola ya ce bai goyi bayan haka ba, sai in mutum soja ne ko mai riƙe da muƙamin hukuma, yana yi don wasu. Ambros na Milan, wanda ya yi masa baftisma, ya ce Kirista ko da ɗan fashi mai makami ya tare shi kada ya mayar da duka. Amma, Rabaran, Ambros ɗin nan shi ne ya ce wanda yake da ikon kare ɗan'uwansa daga cuta ya ƙi, laifinsa ɗaya da na mai cutar. A wurinsu layin ba tsakanin makami da rashin makami yake ba. Tsakanin raina da ran wani yake. Sai a ƙarni na 13 Toma Akwinas ya buɗe ƙofar kare kai, da sharaɗi biyu: niyyarka ta zama tsira ba kisa ba, kuma kada ƙarfin ya wuce abin da ake bukata.

Bulus ma, da mutum fiye da arba'in suka yi rantsuwa ba ci ba sha sai sun kashe shi, bai naɗe hannu ba. Ya tura ɗan 'yar'uwarsa wurin shugaban sojoji, aka raka shi da dare da soja 200, mahaya 70, masu mashi 200. Mutum 470 ke nan da makamai, kuma bai ce su koma ba.

Rabaran Istifanus: Hukuma ce ta raka shi, Malam. Romawa 13:4 ta ba mai mulki takobi, Romawa 12:19 ta hana mu ɗaukar fansa. Haka Anabaftis, wani reshen Kiristoci masu ƙin ɗaukar makami, suka rubuta a Shilaitaim ta Suwizalan a 1527: takobi tsarin Allah ne, amma a waje da kammalar Almasihu. Ba na hana hukuma aikinta. Ina cewa ba aikin almajiri ba ne.

Saratu: To in hukumar ta tattara nata ya nata ta tafi fa? A Kigali, lokacin kisan kiyashin Ruwanda, ranar 11 ga Afrilu 1994, sojojin Beljiyam na Majalisar Ɗinkin Duniya suka bar wata makarantar koyon sana'a inda mutum kusan 2,000 suka fake. Kafin gari ya waye an kashe yawancinsu. A Ntarama cikin coci aka kashe dubbai. Ku kwatanta da Musa Dag, a Turkiyya ta yau, a 1915, inda Armeniyawa kusan 4,000 masu gudun kisan Daular Usmaniyya suka hau dutse da 'yan bindigoginsu, suka riƙe kwana 53 har jiragen ruwan Faransa suka kwashe su. Kuncina nawa ne, zan iya juya shi. Kuncin yaron da aka ba ni amana ba nawa ba ne. Karin Magana 24:11 ta ce ku ceci waɗanda ake ja zuwa mutuwa.

Dauda: Ku ba ni dama in sauko da maganar ƙasa, don ana magana kamar zaɓi biyu ne kawai, harbi ko kallo. Masu tsara tsaron majami'a sun san yawancin aikin ba shi da alaƙa da makami. Mutum biyu a waje, a wurin ajiye motoci, suna gaida kowa suna kallon hannunsa da rigarsa. Da an fara sujada a kulle ƙofofin gefe ta yadda ba sa buɗuwa daga waje amma suna buɗuwa daga ciki da turi ɗaya. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, don in ta ciki take buɗewa, taron da ya firgita zai danne ta ya toshe kansa. Ɗakin yara ya kasance da makulli daga ciki da kuma hanyar fita ta biyu. A naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda zai kira jami'an tsaro, in ba haka ba kowa zai zaci wani ya kira. Sannan maɗaurin tsayar da jini: babbar jijiya in ta yanke, mutum na iya mutuwa cikin minti biyar. Ana ɗaure shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Duk wannan Rabaran zai iya sa hannu a kai.

Inda za ku rabu shi ne matakin ƙarshe, kuma yana da fuska biyu. Ranar 29 ga Disamba 2019, a wani coci a Wait Setilmen da ke Teksas, ɗan bindiga ya buɗe wuta, wani mai tsaron sa-kai ya harbe shi cikin kusan daƙiƙa shida. A daƙiƙa shidan nan ya riga ya kashe mutum biyu, kuma akwai fiye da 200 a zaune. Amma mai tsaron nan malamin koyar da harbi ne. Ga ɗaya fuskar: a Agusta 2012 a Niyok, 'yan sanda biyu suka harba harsashi 16 kan mutum ɗaya a bakin ginin Empire State, masu wucewa tara suka ji rauni daga harbin 'yan sandan. A Arbada ta Kolorado a 2021, wani ya harbe ɗan bindiga, ya ɗauki bindigar mamacin, ɗan sandan da ya iso ya gan shi da ita ya kashe shi. Bugun zuciya in ya hau, yatsu suna rawa, ido ba ya ganin gefe. Mai wuƙa kuma yana cin mita shida cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Wanda ya sayi makami bai yi atisaye ba ya ƙara wa jama'arsa haɗari ne kawai.

Malam Bitrus: Wannan na mutum ɗaya ke nan. Na ƙungiya ya fi muni. Menonawan Yukiren, wani reshen Anabaftis, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru ba su taɓa makami ba, sun kafa rundunar kare kai a 1918 saboda hare-haren mayaƙan Nesto Makno. Da farko sun riƙe. Da sojojin Jamus da suka horar da su suka janye, aka dawo musu da fansa: a Aikenfel, a Nuwamba 1919, an kashe fiye da mutum 70 a dare ɗaya. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya kuma, 'yan anti-balaka sun taso a 2013 da sunan kare ƙauyuka daga 'yan tawayen Seleka. Cikin watanni suka koma farautar Musulmi fararen hula da ba su ji ba ba su gani ba. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Hanyar lalacewar kusan iri ɗaya ce ko'ina: masu gadi sukan fara fita bayan iyakarsu su bi sawu, sai a fara hukunta dangi da unguwa a madadin mai laifi, sai shugabancin ya suɓuce daga hannun dattawa ya koma hannun wanda ya fi zafin kai, sai kuma a fara karɓar kuɗi daga waɗanda aka ce ana karewa.

Rabaran Istifanus: Kuma su wa suka ceci rai a can? Fada Bana Kinbi ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan na Bosemtele, ba ko sanda a hannunsa. Akbishop Nzafalainga ya ajiye babban limamin ƙasar, Umar Kobine Layama, a gidansa a Bangi. A Le Shambon ta Faransa, Fasto Andire Tirokme da mutanensa sun ɓoye dubban Yahudawa da wasu 'yan gudun hijira masu guje wa 'yan Nazi, daga 1940 zuwa 1944: takardun bogi, rarraba yara gidajen gona, rakiya zuwa iyakar Suwizalan. Saratu, ƙin kisa ba zaman kallo ba ne. Ka shiga tsakani da jikinka, ka ɓoye, ka gudu da su kamar yadda Matiyu 10:23 ta ce, ka riƙe hannun maharin in za ka iya.

Mama Rahila: Ina girmama su ƙwarai. Amma ƙofofin sansanonin mutuwa na 'yan Nazi sojoji ne suka buɗe su, Rabaran, kuma Le Shambon ta riƙe ne har ranar da sojojin suka iso. Shi Martin Luta Kin, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, bayan an jefa bam gidansa a Janairu 1956, ya nemi lasisin bindiga aka hana shi, daga baya ya kawar da makamai daga gidansa. Duk da haka a tattakin Misisifi na 1966, ƙungiyar Dikinoni Masu Tsaro, wadda aka kafa a Luwiziyana a 1964, tana gadin masu tattakin da bindigogi. Katekizim na Katolika, sakin layi na 2265, ya ce kare rai yana iya zama babban wajibi ga wanda rayukan wasu ke wuyansa. Abin da Malam Bitrus ya lissafa kuwa duk karya sharaɗi ne. Barazanar ta zama ta yanzu, ba ta jiya ba. A tsaya da zarar maharin ya faɗi ko ya juya baya. Wanda ya bi shi har gida ya daina tsaro, ya shiga fansa.

Rabaran Istifanus: Sharuɗɗan suna da kyau a takarda, Mama. Nuna mini taron samari masu ɗauke da gawar ɗan'uwansu da suka tsaya a kan iyakar unguwa don sakin layi na 2265.

Dauda: Shi ya sa ba a barin wanda aka kashe wa nasa ya riƙe umarni a ranar, kuma a rubuce ake ajiye iyakar da ba a tsallakewa tun kafin abu ya faru, da sanin hukuma. In dokar ƙasa ta hana makamin, maganar ta ƙare a nan, sai a tsaya kan matakan farko.

Saratu: Tambaya ta ƙarshe, Malam Bitrus. Wanda ya kare mutane, rai ya fita a hannunsa, ikilisiya ta dā yaya take karɓarsa? Da tafi?

Malam Bitrus: A'a. Basil na Kaisariya, a ƙarni na 4, ya ce magabata ba su lasafta kisan fagen yaƙi a matsayin kisan kai ba, amma ya ba da shawarar sojan ya yi shekara uku bai ci Jibin Ubangiji ba, don hannunsa ba tsabta. Bayan yaƙin Hastins na 1066 a Ingila, bishop-bishop sun ɗora wa sojojin da suka ci nasara tuban shekara ɗaya kan kowane mutum da suka kashe. Maharban baka da ba su san adadin ba, azumin Lent, na kwana arba'in kafin Ista, sau uku. Ga wanda ba soja ba kuwa Basil ya fi tsanani: wanda ya fita ya yaƙi 'yan fashi a hana shi Jibi, in ma'aikacin ikilisiya ne a sauke shi.

Mama Rahila: Fita ya yi ya same su, Malam, ko su suka same shi a ɗakin 'ya'yansa? Don abu biyu ne.