Yaya za a mayar da taron shekara-shekara na ƙungiyoyin karkara hannun mambobinsu?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon kai da kai da ta haɗa ƙauyuka da dama, kuma taronmu na shekara ya gabato. Abin da ke damuna shi ne, kowace shekara rabin yini a jiran manyan baƙi da sauraron jawabansu yake ƙarewa, kafin a zo kan batun kuɗi da ayyuka mutanen nesa sun fara haramar komawa gida. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a wannan harka kan yadda za a tsara zaman domin ya amfani masu biyan kuɗin ƙungiya.

Tsohon Malamin Gona:
Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. A ganina matsalar tana cikin jerin abubuwan da kuke gabatarwa. Ku fara da rahoton ma'aji tun da safe, a karanta shi da babbar murya cikin harshen da kowa yake ji, saboda yawancin mahalarta ba za su karanta takarda ba, sannan mutum biyu da mambobi suka zaɓa, waɗanda ba sa cikin kwamiti, su tashi su faɗi abin da suka gani a littafin kuɗi. Bayan nan a ɗauko ƙudurorin bara ɗaya bayan ɗaya, a tambayi wanda aka ɗora wa kowane aiki inda ya kwana. Wannan ne ke dawo da amana, domin manomin da ya ga an bi ba'asin kuɗinsa ba ya jin nauyin sake bayarwa.

A wajen zaɓe kuma, kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan gudummawarsa. Ƙa'ida ce tsohuwa da masu kafa ƙungiyar gama kai ta Rochdale a Ingila suka ɗoru a kanta tun 1844, kuma ƙawancen ƙungiyoyin gama kai na duniya ya sake tabbatar da ita a 1995.

Shugabar Mata:
Na yarda da Baba, amma akwai abin da bai taɓo ba. Mata sukan cika rumfar taro, su tashi ba wadda ta buɗe baki, ba don ba su da ta cewa ba. Maganin da na gani yana aiki shi ne su yi nasu zaman kafin babban taro, su tsayar da buƙatunsu, su naɗa wadda za ta gabatar. Ƙungiyar ƙananan manoma ta duniya, La Via Campesina, wadda aka kafa a Beljiyam a 1993, haka take yi: tun taronta na Bangalore a Indiya a 2000 mata suke yin nasu zaman gabanin babban taro. Ku kuma ajiye ranar bayan an gama girbi, kuma wurin ya riƙa zagayawa tsakanin ƙauyukan, kada kullum mutanen gefe ɗaya su sha tafiya.

Matashin Manomi:
Ranka ya daɗe Sakatare, ina roƙon kada a yar da baƙin gaba ɗaya, tunda hanya da asibiti da rijiyar burtsatse a hannunsu suke. A gayyace su da yamma, bayan mambobi sun gama yanke shawara, a miƙa musu buƙatu biyu ko uku a rubuce, a nemi amsa a gaban jama'a. Abin da na fi jin tsoro shi ne ɗan siyasa ya ɗauki nauyin taron, domin daga ranar ba mai iya tambayarsa alkawarin bara. Gara a yi ƙaramin taro da kuɗin mambobi.

Sakataren Ƙungiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa kwamiti waɗannan shawarwari a zamanmu na gaba. Hajiya, don Allah ki ƙara mini bayani: kwana nawa kafin babban taro ya dace matan su zauna, kuma wa ke rubuta abin da suka tsayar?