Tsohuwar na'urar sauti ta USB: manhajar sarrafa ta na buɗewa, amma saitin ba ya zama

Mai Naɗin Murya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka ƙware a aikin sauti game da wata na'urar ɗaukar sauti da ta daɗe a hannuna, irin wadda ake haɗawa da kwamfuta ta kebul ɗin USB. Tana da kafa biyu ta makirufo, da kafa biyu ta lasifika, da wurin hedifon, sai kuma kafar S/PDIF (ta musayar sautin dijital da wata na'ura) a baya wadda ban taɓa amfani da ita ba. A jikinta an rubuta USB 1.1, kuma direban ƙarshe (wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da na'urar) da masu ita suka fitar na zamanin Windows 7 ne. Ta yi mini aiki shekara da shekaru a tsohuwar kwamfutata, amma tun da na koma wata mai Windows 10 abubuwa suka rikice.

Manhajar sarrafa na'urar tana buɗewa lafiya, ina zaɓar 48 kHz (wato ta riƙa ɗaukar samfurin sauti sau 48,000 a daƙiƙa), amma da zarar na buɗe manhajar naɗi sai in tarar ta koma 44.1, har akwai wani karatu da na naɗa wanda muryata ta fito siririya, tana kuma sauri kamar ana kora ta. Bayan wannan, ina jin muryata sau biyu a hedifon, ɗaya na bin ɗaya. Akwai kuma ƙaras-ƙaras da ke shiga cikin naɗin lokaci-lokaci, sannan idan na kunna maɓallin 48V da ke ba makirufona wuta, na'urar kan ɓace daga kwamfutar gaba ɗaya sai na cire na mayar. Shin akwai gyara, ko lokacinta ne ya yi?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ban ga alamar mutuwa a cikin abin da ka lissafa ba. Abin da na gani shi ne hannu uku a kan saiti ɗaya, wato Windows, da manhajar sarrafa na'urar, da manhajar naɗinka, kowanne yana ba na'urar umarni dabam, ita kuma tana bin wanda ya yi magana a ƙarshe.

Ka fara da direba. Ka cire kebul ɗin, ka goge duk abin da ka girka a baya, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka girka direban Windows 7 mai bit 64 idan Windows ɗinka mai bit 64 ne, domin direba mai bit 32 ba ya aiki a kansa ko kaɗan. Kada ka mayar da kebul ɗin sai manhajar girkawar ta nemi haka, saboda tsofaffin na'urori da yawa, idan aka haɗa su tun da wuri, Windows kan ɗora musu direbansa na gama-gari, sautin ya fito amma manhajar sarrafawar ta rasa ikon da take da shi a kansu.

Daga nan ka buɗe manhajar sarrafawar ka nemi inda ake zaɓar tushen agogo. Duk na'urar sauti tana da agogon da ke ƙidaya mata lokacin ɗaukar kowane samfur, kuma na'ura mai S/PDIF tana iya bin nata agogon na ciki ko ta bi na wata na'urar da aka jona mata. Tunda babu abin da ka jona a wannan kafar, dole zaɓin ya kasance a kan na ciki. Idan yana kan na waje, na'urar za ta yi ta jiran siginar da ba za ta zo ba, sakamakon kuwa shiru ne ko ƙaras-ƙaras.

Komawar da take yi zuwa 44.1 ba taurin kai ba ne. Tsarin ASIO, wanda kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro domin manhajar naɗi ta yi magana da na'ura kai tsaye, yana ba manhajar damar sauya wannan saitin, saboda haka idan aikin da ka buɗe an ƙirƙire shi a kan 44.1, manhajar za ta mayar da na'urar can, komai ka zaɓa a baya. Muryar da ta fito siririya kuma ta nuna akasin haka ya faru a wancan karon: an ɗauki samfur 44,100 a daƙiƙa, aka yi wa fayil ɗin lakabin 48,000, sai aka kunna shi da saurin da ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ka zaɓi lamba ɗaya ka sa ta a wurare ukun, har da saitin sauti na Windows, ɓangaren ɗauka da ɓangaren fitarwa. Ni da kaina na fi son in bar Windows da katin sautin da ya zo da kwamfutar, in keɓe na'urar waje ga manhajar naɗi kaɗai, yadda ƙarar sanarwa ko bidiyon intanet ba za su sa hannu ba.

Kada kuma ka yi kwaɗayin 96 kHz ko da ka gan shi a jerin. Iyakar USB 1.1 megabit 12 ne a daƙiƙa. Layin sauti huɗu, biyu na shiga biyu na fita, a bit 24 da 48 kHz suna cin kusan megabit 4.6, amma a 96 kHz abin ya haura 9, ga kuma bayanan sarrafawa da ke bin hanya ɗaya. Shi ya sa na'urorin wancan zamanin da dama suke yarda da 96 kHz a ɗauka kaɗai ko a fitarwa kaɗai.

Malama Mai Haɗa Sauti ta amsa:

Injiniya ya gama da batun agogo, bari in ɗauki muryar da ake ji sau biyu, domin ita ce ta fi sauƙin gyara kuma ita ce ta fi rikita mai karatu. Malam, sautinka yana isa kunnenka ta hanya biyu. Ta farko ita ce saurare kai tsaye, inda na'urar ke karkatar da abin da ya shigo ta makirufo zuwa hedifon ba tare da ya shiga kwamfuta ba. Ta biyu ita ce wadda ta shiga kwamfutar, ta ratsa manhajar naɗi, ta dawo a makare. A cikin manhajar sarrafawar akwai shafin mikisa, wato wurin haɗa layukan sauti, kuma layukan shiga da ke wannan shafin su ne hanyar farko. Ka zaɓi ɗaya ka rufe ɗayar. Ga mai naɗin magana zalla, shawarata ita ce ya bar ta kai tsaye a buɗe, ya kashe sauraron da ke cikin manhajar naɗi.

Amfanin wannan zaɓin ya wuce kawar da amsa-kuwwar. Girman bafa, wato adadin samfurin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, shi ke kawo jinkirin: a 48 kHz, samfur 128 bai kai milisakan 3 ba, 512 ya kusa milisakan 11, 1024 kuma ya ɗan haura 21, sannan tafiya da dawowa suna ninka wannan, ban da abin da na'urar kanta ke ƙarawa. Mutane suna rage bafa ne don su rage jinkiri, sai kwamfutar ta kasa cika ta a kan lokaci, ƙaras-ƙaras ya shigo. Idan kana saurare kai tsaye, jinkirin bai shafe ka ba, saboda haka ka ɗaga bafar zuwa 512 ko 1024 hankali kwance. Ka rufe manhajar naɗi kafin ka sauya, domin tsofaffin direbobi sukan hana sauyin muddin ana riƙe da na'urar.

Ɓacewar da take yi idan ka kunna 48V kuwa batun wuta ne. Kafar USB 2.0 miliamfa 500 take bayarwa bisa ƙa'ida, kuma idan ka jona na'urar ta mahaɗar USB marar wutar kanta, sauran abubuwan da ke kanta suna raba wannan ɗan abin da ita. Ka jona ta kai tsaye a jikin kwamfutar da gajeren kebul mai kyau, idan kuma tana da wurin adafta a baya, ka nemo mai ƙarfin da aka rubuta a wurin.

Mai Naɗin Murya ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri. Lallai a kan mahaɗa take, tare da madannai da linzami. Kafin in fara, wani abokin aiki ya ce in bar wahala da tsohon direba in girka ASIO4ALL. Me kuka gani?

Mai Gyaran Kwamfuta ya amsa:

Ɗan'uwa, ASIO4ALL ba direban na'urarka ba ne, riga ce ta ASIO da ake sa wa direban da Windows ke amfani da shi. Yana da amfani ga na'urar da ba ta da direban ASIO nata, amma kai naka yana girkuwa, manhajar sarrafawar ma tana buɗewa, don haka ban ga dalilin ƙara mutum na huɗu a cikin masu ba da umarni ba. Ka ajiye shi sai ranar da direban asali ya ƙi ɗoruwa.

Inda na ɗan saɓa da Malama shi ne dangana ƙaras-ƙaras ga bafa kaɗai. Na sha ganin kwamfutar da ke yin sa ko a 1024, saboda tsarin tattalin wuta yana dakatar da kafar USB, ko kuma wani direba, galibi na Wi-Fi, yana riƙe ƙwaƙwalwar kwamfutar fiye da kima. Ka shiga saitin wuta ka kashe dakatar da USB, ka shiga Device Manager ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe kafofin USB don tattalin wuta, sannan ka gwada naɗi na minti goma da Wi-Fi a kashe. Manhajar LatencyMon tana nuna sunan direban da ke jawo tsaikon. Idan kwamfutar tana da kafar USB 2.0, ka fifita ta a kan ta 3.0 mai launin shuɗi, domin wasu tsofaffin direbobi ba sa jituwa da sabbin kafofin. In kuma kana da niyyar komawa Windows 11, ka sani cewa kariyar ƙwaƙwalwar ajiya da ke cikinsa tana iya hana tsohon direba ɗoruwa.

Mai Naɗin Murya ya rubuta:

Na bi matakan daki-daki. Agogon yana kan S/PDIF, ban san lokacin da ya koma can ba. Yanzu komai yana kan 48 kHz, bafa 512, kuma na naɗi karatun minti arba'in ba tare da ƙaras ko ɗaya ba. Saura abu guda: idan na cire kebul ɗin na mayar, mikisar tana komawa yadda ta zo.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Madalla. Na'urori da yawa na wancan zamanin ba su da wurin adana saiti a cikinsu, manhajar sarrafawar ce ke tura musu shi duk lokacin da aka haɗa su. Ka adana saitinka a fayil daga cikin manhajar idan tana da wannan zaɓin, ka bar ta ta riƙa tashi tare da Windows, kuma ka riƙa jona na'urar a kafa ɗaya kullum, domin idan ka sauya kafa Windows kan ɗauke ta a matsayin sabuwar na'ura ya fara mata saiti daga farko.