Kun taɓa ganin hukuma ɗaya ta yi abin yabo kuma ta yi abin kunya?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk lokacin da aka ambaci kotu, majalisa ko hukumar zaɓe, sai ka ji an yi musu kuɗin goro, wai duk ɓarayi ne. Wasu kuma idan nasu ne a kan mulki, ko tari ba sa so a yi. Ina so mu ji daga bakin waɗanda suka shiga ciki suka gani da idonsu.

Malamar makaranta: Wa'alaikumus salam. Na taɓa yin aikin wucin gadi a rumfar zaɓe. A gaban kowa muka ƙirga ƙuri'u, ina ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, wakilan jam'iyyu suna ƙirgawa tare da mu da babbar murya. Dare ya yi mana, muka ƙarasa da hasken waya. Kowa ya sa hannu, aka manna sakamako a bango. Da aka sanar da na yankin gaba ɗaya a wurin tattarawa, wakilan da ke riƙe da kwafin kowace rumfa suka haɗa lissafi, bai zo daidai ba. Har yau idan aka ce ma'aikatan zaɓe duk maciya amana ne, raina yana ɓaci, domin na san yadda muka wuni a tsaye. Idan kuma aka ce zaɓen ya yi tsaf, nan ma ba na iya yin shiru.

Lauya: Malama, Allah ya saka miki. Irin wannan kwafin da kika ambata shi ke ceton shari'a. A Malawi, a watan Fabrairun 2020, kotu ta soke zaɓen shugaban ƙasa na 2019 bayan an gabatar da takardun sakamako da aka goge alƙalumansu da farin ruwan gyara rubutu. Aka sake zaɓe a watan Yuni, Lazarus Chakwera na ɓangaren adawa ya ci. Kafin nan Kotun Ƙolin Kenya ƙarƙashin David Maraga ta soke nasarar shugaba mai ci, Uhuru Kenyatta, ranar 1 ga Satumba 2017. Ni kuma a wajen aikina na ga fayil ya "ɓace" saboda wani magatakarda yana jiran a ba shi na goro, kuma a wannan kotun dai alƙali ya yanke wa wata bazawara hukuncin gaskiya a kan wani mai ƙarfi. Rufi ɗaya, mutane daban.

Dattijo: 'Ya'yana, ni na girma lokacin da agana ke kashe yara, wanda ya tsira kuma ta bar masa zanzana a fuska. Ina tuna ranar da masu lamba suka jera mu, tabon yana nan a damtsena. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa an kawar da cutar baki ɗaya. Wannan hukuma reshen Majalisar Ɗinkin Duniya ce. Majalisar nan kuwa ita ce Kwamitin Sulhunta ya rage sojojin kiyaye zaman lafiya a Ruwanda a watan Afrilun 1994, ana tsakiyar yanka mutane. Duka biyun sun faru, kuma ba na yarda a shafe mini ko ɗaya.

Ɗalibi: Baba, a gafarce ni, amma ina da tsoro. Mahaifina ya yi shekaru yana bin haƙƙinsa na fansho har ya rasu bai karɓa ba. Duk wanda muka kai wa kuka sai ya ce mana ai akwai na kirki a ciki. Maganar nan takan zama hanyar rufe bakin wanda aka zalunta.

Malamar makaranta: Allah ya jiƙan mahaifinka, ƙanena. Ba wanda zai ce ka yi shiru. Amma ka lura, idan ka ce duk ma'aikatar ruɓaɓɓiya ce, wanda ya danne fayil ɗin ya samu mafaka a cikin taro. A wane ofishi takardun suka tsaya? Sa hannun wa ake jira?

Lauya: Haka ne. Kuma a dokokin fansho da yawa haƙƙin mamaci yana komawa ga magadansa. Ka nemo takardar kama aikinsa, ta ritaya da shaidar rasuwa, ka rubuta koke da sunan ofishin da kwanan wata, sannan ka tabbata sun buga maka hatimin karɓa a kwafinka.