Neman shawara: an karɓi aikina a taron kwantam na Suwidin, malamina ya ƙi sa hannu

Abu Hanif

Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi mini haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure.

Ni ƙaramin lakcara ne a sashen fiziks na wata jami'a a Arewa, a nan kuma nake digirin digirgir. An karɓi aikina a matsayin fosta a taron da ake yi a watan Yuni a Jami'ar Linnaeus da ke garin Växjö na ƙasar Suwidin. Farfesa Andrei Khrennikov ne ke shirya shi, sama da shekara ashirin ke nan ana yi. Taro ne kan tushen fiziks na kwantam, wato ilimin yadda mafi ƙanƙantan abubuwa kamar ƙwayar haske suke aiki, da inda ya haɗu da fasahar sarrafa bayanai.

Sai na koma baya kafin a fahimce ni. Digirina na biyu a kan auna ƙarfin hasken rana na yi shi, kamar yawancin abokan karatuna, domin na'urar da muke da ita ke nan. A 2022 da aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel, ɗalibaina suka tambaye ni me mutanen nan suka gano, sai na zauna na bi labarin tun daga tushe. Einstein da Podolsky da Rosen sun ce a 1935 ka'idar kwantam ba ta cika ba. John Bell ya zo a 1964 ya nuna gardamar ba ta fatar baki ba ce, ana iya auna ta. A samar da ƙwayoyin haske biyu a sarƙe da juna, wato sakamakon awon ɗaya yana da alaƙa da na ɗayar komai nisansu, a tura ɗaya gabas ɗaya yamma, kowane ɓangare ya zaɓi yadda zai auna tasa. Idan tun daga inda suka fito kowace ƙwaya tana ɗauke da amsarta, kuma babu saƙon da ke wuce saurin haske tsakaninsu, to akwai wani adadi da ake haɗawa daga sakamakon wanda ba zai haura 2 ba. Ka'idar kwantam ta ce zai iya kaiwa 2.83. Clauser da Freedman suka gwada a 1972, Aspect ya gwada a 1982, duk sakamako ya bi bayan kwantam. Wallahi ban taɓa karanta abin da ya shiga raina kamar wannan ba.

Ba ni da ɗakin gwaji, a kwamfuta nake aikina, da daddare in an kawo wuta. Ina lissafa yadda raunin na'urar kama ƙwayar haske ke ɓata gwajin. An san cewa in na'urar tana kama ƙasa da kashi 83 cikin 100, gwajin da aka saba ba ya yanke hukunci, sannan Eberhard ya nuna a 1993 cewa za a iya saukowa zuwa kashi biyu bisa uku in aka rage ƙarfin sarƙewar. Ni ina duba abin da ke faruwa in na'urorin biyu ƙarfinsu ba ɗaya ba, ga kuma asarar haske a hanya.

Yanzu ga matsalar. Malamin da ke duba aikina ya ƙi sa hannu a takardar neman tallafin tafiya. Ya ce wannan falsafa ce, in koma kan abin da aka amince mini da shi. In bai sa hannu ba, shugaban sashe ba zai tura ta gaba ba. Ina da ɗan fili a bayan gari, har an taya. In sayar in tafi, ko in haƙura? In kuma na tafi ba da yardarsa ba, me zai biyo baya?

Maman Iman

Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya sanya alheri. Amma Malam ba ka faɗi nawa tafiyar za ta ci ba, ba ka kuma ce mana ko mai ɗakinka ta san maganar filin ba.

Injiniya na Abuja

Ƙanena, bari in gaya maka gaskiya tunda ita ka zo nema. Na daɗe ina aikin tsaron bayanai na bankuna. Kada ka sayar da fili saboda fosta. Fosta fa tsayuwa ce a gefen allo ta awa ɗaya ko biyu, jama'a na wucewa da kofin shayi a hannu, wani ya tsaya wani ya wuce.

Malaminka ya fi ka gaskiya. Wannan gardama an rufe ta tun 2015, lokacin da aka yi gwaje-gwaje a Delft da Viyana da Boulder aka toshe manyan kafofin da masu shakka ke bi, har da ta raunin na'ura da kake ta lissafawa. To me ya rage maka?

Ga inda abinci yake. Peter Shor ya nuna a 1994 cewa babbar kwamfutar kwantam za ta fasa RSA, makullin da intanet ta daɗe tana dogaro da shi. A watan Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idoji uku na kulle bayanai waɗanda aka tsara su jure wa irin wannan kwamfuta. Banki da kamfanin waya, kowa sai ya sauya makulli, kuma masu iya aikin ba su da yawa a ƙasar nan. Lissafi ne zalla, kai kuma kana da shi. Riƙe filinka, ka karkata can.

Abu Hanif

Na gode Yaya Injiniya, amma ina ganin ba a fahimci aikin ba. Tun 1991 Artur Ekert ya nuna cewa gwajin Bell ɗin kansa shi ne mai gadin makulli. Mutum biyu su raba ƙwayoyi sarƙaƙƙu, in wani ya tare hanya ya leƙa, sarƙewar ta lalace, adadin nan ya faɗi, su gane an taɓa. Gwajin Delft tazarar kilomita 1.3 ce kawai. Tauraron Micius da Sin ta harba a 2016 ya raba irin waɗannan ƙwayoyi tsakanin tashoshi biyu masu tazarar kilomita 1,200, kuma yawancin hasken a hanya yake ɓacewa. Iya tsawon hanya iya asara, wannan ita ce tambayata. Ina falsafa a nan? Shi ya sa taron ya haɗa fannonin biyu.

Anti Dakta

Ɗana, tambaya ɗaya. Sunan wa da wa ke kan takardar da ka tura? Kuma malaminka ya gan ta kafin ka tura?

Ina tambaya ne don na san zafin abin. Lokacin da nake nawa digirin aka karɓi takardata a wani taro a waje. Ni na yi awon, ni na rubuta, har hotunan ni na zana. Ana saura 'yan makonni aka kira ni ofis aka ce matar aure mai goyo ba za ta iya wannan tafiya ba, alhali maigidana ya riga ya amince, mahaifiyata ta ce za ta riƙe yaron. Wani abokin aikina namiji aka tura da aikina. Ya dawo da hotuna da katunan mutane, daga cikinsu ya samu wanda ya gayyace shi wata shida. Har yau in muka haɗu a taron majalisar tsangaya sai abin ya dawo mini sabo. Ba wanda ya taɓa ce mini a yi haƙuri. Saboda haka ni ba zan ce maka kada ka je ba, dama ba ta cika dawowa ba.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum daga Nijar. Ku duka kuna magana kamar biza na aljihunsa. Kuɗin bizar Shengen, wadda ake shiga Suwidin da yawancin ƙasashen Turai da ita, yuro 90 ne, ga inshorar lafiya da dole ta kai ta yuro 30,000, ga shaidar masauki da ta jirgi. In suka hana ka, ko tamma ba sa mayarwa. Ni na kai takardar gayyata da hatimin jami'ar da ta kira ni, aka ba ni 'yar takarda an yi alama a gurbin da ke cewa ba su tabbata zan koma gida ba. Ina da mata da 'ya'ya da aikin gwamnati! Taron aka yi aka gama ina zaune a gida. Kada ka sayar da komai sai biza ta fito. Takardar filin ma shaida ce cewa kana da abin komawa.

Baban Khalifa

A'a, akasin haka ne. Ya sayar tun yanzu kuɗin su zauna a asusunsa, abin da suke dubawa ke nan.

Ɗan Damagaram

Kuɗi masu yawa su faɗo rana ɗaya a asusun mai ƙaramin albashi? Shi ne abin da ya fi sa su zargi mutum.

Tsohon Malami

Na karanta duka. Taron Växjö taro ne na gaske, ba irin na masu tura saƙon imel suna karɓar kuɗi ba. Sai dai ka san irin zauren da za ka shiga. Khrennikov yana da nasa ra'ayi, yana ganin batun Bell na yadda ake lissafin yiwuwa ne fiye da wani tasiri daga nesa. Christopher Fuchs, mai wata fassarar ka'idar kwantam da ake kira QBism, ya sha gabatar da aikinsa a can. Wuri ne da ake gardama sosai, za a tambaye ka abin da adadinka yake nufi, ba yadda ka lissafa shi kaɗai ba.

Amma ban goyi bayan ka tsallake malaminka ba. Shi zai gabatar da kai ranar kare kundi. Ka samu wani dattijo a tsangaya da yake jin nauyinsa, ku je tare, ka kai masa aikin a buge a takarda. Ka rubuta wa masu shirya taron ka faɗi halin da kake ciki, ka tambaya ko za su sauƙaƙa kuɗin rajista. Sannan ka duba cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya. Abdus Salam ya kafa ta a 1964 domin irinku, masana daga ƙasashe masu tasowa, kuma a yawancin makarantunsu da tarukansu akwai gurbin neman tallafin tafiya da masauki. Mako biyu a can ana koya maka ya fi maka amfani a wannan mataki.

Abu Hanif

Ranka ya daɗe na gode, zan duba Trieste. Sai dai wannan an riga an karɓe ni, waccan kuwa sai na nema tukuna, kuma ba lallai a samu mai irin maudu'ina bana ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ina so in tsaya gaban mutanen da suka san fannin su ce mini lissafina daidai ne ko kuskure. A nan ba ni da wanda zan nuna wa.

Anti, sunana kaɗai ne a kai. Na tura masa rubutun tun farkon zangon karatu bai buɗe ba. Ban ga dalilin sa sunan wanda bai karanta ba, ai ba gaskiya ba ce.

Anti Dakta

To ai ga amsar nan. Ba falsafa ce ta dame shi ba. Ka tura wa taron ba ka gaya masa ba?

Injiniya na Abuja

Ko ma ya sa hannu, maganata tana nan. Ƙanena, kana kawo mini Ekert da tauraron Sin. Hukumar tsaron bayanai ta Amurka, NSA, ta fito fili ta ce ba ta ba da shawarar dogaro da raba makulli ta hanyar kwantam ba wajen kare bayanan tsaron ƙasa, ta fi son sababbin hanyoyin lissafi. Dalilinta a bayyane yake: sai an shimfiɗa layi na musamman, sai na'urori masu tsada, kuma hanyar ba ta tabbatar maka da wanda kake magana da shi. Mu da masu aikin hanya ke tsinke mana wayar faiba kullum, a ina za mu sa wannan? Na ga masu digirin digirgir sun zo neman aiki wajenmu ba su iya rubuta layi goma na Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ba. Ba na so ka zama cikinsu.

Bahaushen Kumasi

Injiniya, da irin wannan tunani kullum sai dai mu sayi abin da wasu suka ƙera. Gana ce fa ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 shekarar kimiyya da fasahar kwantam, shekara 100 bayan aikin Heisenberg na 1925 da ya aza harsashin ka'idar kwantam. Mu gabatar da ƙuduri, sannan mu hana yaranmu zuwa taron?

Injiniya na Abuja

Ƙuduri ba ya biyan kuɗin jirgi. Wa zai mayar masa da filin in ya dawo?

Malam na Tudun Wada

Ka yi istihara, ka nemi albarkar iyaye, kuma kada ka ɓata da malaminka a kan tafiyar mako ɗaya. Allah ya zaɓa mafi alheri.

Abu Hanif

Amin, na gode Malam. Yaya Injiniya, da Python ɗin nake duk lissafina. Kuma ni ba aikin banki nake nema ba, koyarwa nake so, in koyar da abin da na fahimta da gaske.

Na ga malamin nawa yau bayan la'asar. Ya ce in bar masa takardar a kan tebur, zai duba. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Batun ƙara sunansa ban ɗauko ba, don har yanzu ban ga ya dace ba. Na duba hanya, in aka sauka a filin jirgin Kopenhagen na Denmark akwai jirgin ƙasa zuwa Växjö, wajen awa biyu da rabi. Mai sayen filin ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata. Wanda ya taɓa rubuta wasiƙar neman sassaucin kuɗin rajista, don Allah ya taimaka mini da yadda ake tsara ta.

Ɗan Damagaram

Ba tare da takardar izini daga wurin aikinka ba, kada ma ka ɓata kuɗinka wajen neman biza. Wa zai sa mata hannu?

Maman Iman

Malam Abu Hanif, har yanzu ba ka ce komai ba kan mai ɗakinka. Filin nan ba shi ne za ku gina ba?