Shawarwari ga mai son sauraron kiɗan rock ɗin Japan da ba ya shiga rediyo

Wasu masu sha'awar kiɗan Japan sun tattauna kan inda ya dace sabon shiga ya fara, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a fara da mafi tsanani.

Mafi yawansu sun ce a fara da Flower Travellin' Band, musamman faifansu Satori na 1971, domin duk nauyin jitarsa akwai karin da kunne zai iya bi. Daga nan sai Acid Mothers Temple, ƙungiyar da Kawabata Makoto ya kafa a 1995. Faya-fayansu suna da yawa ƙwarai, don haka a ɗauki ɗaya a zauna da shi.

An fi daɗewa a kan Les Rallizes Dénudés, wadda Takashi Mizutani ya kafa a Kyoto a 1967. Galibin abin da ya yaɗu nasu an naɗe shi ne a wuraren wasa, sau da yawa ba da izininsu ba, sautin kuma cike yake da ƙara da amsa-kuwwa. Wasu na ganin wannan ya ɓata kiɗan. Ni dai ina tare da masu cewa ƙarar ita ce kiɗan, kuma a nemi fitowar da aka yi da izini don samun sauti mai kyau.

Keiji Haino da ƙungiyarsa Fushitsusha an ce a bar su sai kunne ya saba. Mai son tsari mai sarƙaƙiya kuwa ya nemi Ruins ta mai ganga Tatsuya Yoshida. An kuma ja kunne a rage ƙarar abin sauraro, don wannan kiɗa yana iya illata ji.